Na Fi Jin Mutumin Cikin Labari a Raina Fiye da Wanda Zan Aura

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekaruna 24, na gama jami'a, kuma an sa ranar aurena bayan babbar salla. A lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a na 2022, da zaman gida ya ishe ni, wata ƙawata ta tura mini finafinan Japan a waya. Da katun ɗinsu na fara, wanda ake ce wa anime, daga baya na koma finafinansu na soyayya masu dogon zango da littattafansu na zane, wato manga. Yanzu haka ina cikin wani zauren WhatsApp na masu son irin waɗannan labarai, har nakan rubuta nawa ƙananan labarai a kan jaruman in tura, 'yan zauren su yi ta yabawa.

Akwai wani jarumi a wani labari da na daɗe ina bi. Mutum ne mai shiru-shiru, bai taɓa buɗe baki ya ce wa yarinyar yana son ta ba, amma ba abin da zai same ta bai lura ba. Da marubuciyar ta kashe shi, kwana uku na yi ina kuka, ko abinci na kasa ci. Umma ta ɗauka faɗa muka yi da wanda zan aura. Gwaggo kuwa cewa ta yi a nemo mai ruƙiyya, wai namijin dare ne.

Shi wanda zan aura mutumin kirki ne, yana da sana'arsa, iyayena suna son sa. Amma in ya zo zance, daga tsadar siminti sai maganar fenti da tayil, ni kuma Allah-Allah nake ya tafi in koma kan wayata. Ranar da na gaya masa abin da ya sa ni kuka, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce katun ai na yara ne, kuma ranar da na tare a gidansa zai goge su kaf. Tun daga ranar na ji ya fara fita daga raina. Ga asuba tana yawan kuɓuce mini, kuɗin data kuwa ba a magana. Na gwada dainawa, ban kai mako ba na koma. Anti, lafiyata ƙalau kuwa? In fasa auren ne, ko in daina kallon?

Taki, wata baiwar Allah.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata.

Bari in fara cire miki tsoron da ya fi damun ki. Kuka a kan mutumin da babu shi a duniya ba hauka ba ne, ba kuma aikin aljani ba ne. Azkar da karatun Alƙur'ani ki riƙe su da kyau, ba wanda ya taɓa yin asara a kansu, amma abin da kika zayyana mini bayaninsa a fili yake, kuma 'yan Adam sun daɗe suna yin sa. A can Japan ɗin, a watan Maris na 1970, an yi zaman makokin wani ɗan dambe mai suna Rikiishi a babban zauren kamfanin ɗab'i na Kodansha da ke Tokiyo. Ɗaruruwan mutane suka hallara, har dandalin dambe aka kafa a cikin zauren. Rikiishin nan kuwa zane ne a wata mujallar mako-mako, masu labarin ne suka kashe shi bayan wata fafatawa. Waɗanda suka je sun san haka sarai. Sun dai shafe watanni suna tare da shi kowane mako, zuciya kuwa ba ta neman takardar haihuwa kafin ta shaƙu da wani.

Akwai wadda ta riga ki shiga wannan hali da shekara 1,000, kuma ina so ki san ta. Sunanta na yanka ya ɓace, da sunan mahaifinta ake kiran ta, 'yar Sugawara no Takasue. An haife ta a 1008, ta yi ƙuruciyarta a wani lardi na gabashin Japan inda aka tura mahaifinta aikin mulki, nesa da babban birninsu na lokacin, Kiyoto. Tana yarinya take jin yayarta da matar babanta suna ba da guntu-guntun labarin Genji, wani kyakkyawan ɗan sarki da marubuciya Murasaki Shikibu ta ƙirƙira, amma ba wadda ta riƙe shi duka a ka. Abin ya tsaya wa yarinyar a rai, har ta riƙa roƙo irin na addininsu a kai ta birni ta karanta labaran nan kaf. Sun koma Kiyoto ba da jimawa ba sai matar da ta raine ta ta rasu. Baƙin ciki ya rufe ta, mahaifiyarta ta shiga nemo mata littattafai don ta ɗauke mata hankali, daga baya wata daga cikin iyayenta mata na dangi ta ba ta Genji gaba ɗayansa, juzu'i 50 da 'yan kai, a cikin akwati. Da hannunta ta rubuta yadda ta shige bayan labule ta kwanta, tana zaro su ɗaya bayan ɗaya, ta wuni tana karatu, dare ya yi ta jawo fitila kusa, tana jin ko matsayin matar sarki aka ba ta ba za ta musanya ba. Burinta a lokacin bai wuce wani irin Genji ya ɓoye ta a wani ƙauye cikin duwatsu ba, ya riƙa kawo mata ziyara ko da sau ɗaya ne a shekara.

Ba ta yi aure ba sai da ta haura 30, kuma mijin da ta samu ma'aikacin hukuma ne irin mahaifinta. A littafin tarihin rayuwarta, Sarashina Nikki, ta tambayi kanta ko akwai mutum irin Genji a duniyar nan ma, ta kira burinta na da wauta. Da mijin ya rasu a 1058, abin da ta rubuta a kan rashinsa, a ganina, ya fi ko'ina ɗaci a littafin. Yarinyar nan da karatun labarai ya ɗauke wa hankali, yau rubutunta ake koya wa ɗalibai a makarantun Japan.

Na fahimci abin da ya sa labaran nan suka kama ki, kuma ban raina shi ba. Soyayyarsu ta kunya ce da kawaici. Za a ci kashi takwas yaro bai iya kiran yarinya da sunanta ba, sai da sunan gidansu. Ruwa zai tsinke, ya miƙa mata lema, ya juya a guje cikin ruwan bai ce uffan ba. Za ta yi asubanci ta shirya masa abinci a ɗan akwati, ya ci shiru, washegari ya dawo mata da akwatin a wanke. 'Yar Hausa da ta tashi a gidan da uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, ba sai an yi mata tafsirin wannan ba.

Amma ki san yadda ake ƙera shi. Manga na 'yan mata, tun daga shekarun 1970, akasari mata ne ke rubutawa suna zanawa, 'yan mata ke saye. Kashi-kashi yake fitowa a mujallu, edita yana tsaye a kan marubuciya, mujallar kuma tana tambayar masu karatu wane labari ya fi burge su. Wanda ya yi ƙasa a jerin a datse shi, jarumin da aka fi so a ƙara masa fili. Fim mai dogon zango kuwa yawanci kashi 10 zuwa 12 ne cikin wata uku, kowane kashi an gina shi ya ƙare a daidai inda hannu ba zai iya kashe waya ba. To jarumin nan naki da ba abin da ke samun yarinyar bai lura ba, ta yaya zai kasa lura? Kan da ya ƙirƙiro damuwar yarinyar shi ne ya ƙirƙiro shi. Ya san tana jin sanyi ne domin wadda ta sa mata sanyin ita ce ta saka masa rigar a hannu. Ɗinki ne da tela ya auna zuciyar mace ya yanka daidai da ita, dole ya zauna miki ɗas. Ba ɗa namijin da uwa ta haifa, a Tokiyo ko a garinku, da zai iya gasa da wannan.

Su kansu matan Japan ba don haka mazajensu suke ba ne suke kallo. Binciken hukumar ƙididdigar ƙasar na 2021 ya nuna cewa a gidajen da ke da yaro ƙasa da shekara 6, miji yana ba aikin gida da raino awa 1 da minti 54 a rana, matar kuma awa 7 da minti 28. Ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 28 cikin 100 na maza da kusan 18 cikin 100 na mata sun kai shekara 50 ba su taɓa aure ba, kuma a 2021 sai da gwamnati ta ɗora wa wani minista alhakin yaƙi da kaɗaici. Ban ɗora wa finafinai laifin wannan ba, akwai tsawon lokacin aiki da rashin tsayayyen albashi ga matasa da sauransu. Ina dai nuna miki cewa abin da kike gani a waya marmarin matan can ne, irin naki.

Marmarin nan kuma babbar kasuwa ce, gara ki shiga da idonki a buɗe. Ƙungiyar 'yan mata mawaƙa ta AKB48, wadda aka kafa a Tokiyo a 2005, ta shahara da saka tikiti a cikin faifan waƙa, wanda ya saya ya samu damar musabaha da wadda yake so na 'yan daƙiƙoƙi. Sai ki ga mutum ɗaya ya sayi faifai iri ɗaya gomomi don ya ƙara daƙiƙoƙin. Don kada mafarkin masu sayen ya rushe, an san ƙungiyar da dokar hana 'yan matan yin samari. A farkon 2013 wata mujalla ta ɗauki hoton ɗayarsu, 'yar shekara 20, tana fitowa daga gidan wani saurayi. Yarinyar ta aske kanta tas, ta fito a bidiyo tana kuka tana neman gafarar masoya. Abin yana ɓata mini rai har yau, domin son da ake sayarwa ya ci mai sayen, ya ci wadda ake sayarwa da sunanta.

Wata matashiyar marubuciya, Usami Rin, ta ci babbar kyautar adabi ta Akutagawa a watan Janairun 2021 tana da shekara 21, da wani ɗan littafi a kan 'yar sakandaren da ta jingina rayuwarta kacokan a kan wani mawaƙi. Karatu ya gagare ta, gida ba daɗi, ɗan aikin da take yi bayan makaranta a kansa kuɗin ke ƙarewa. Ta kira son da take yi masa ƙashin bayanta, da ya bar waƙa kuwa sai ta rasa abin da za ta miƙe da shi. Nan ne iyakar da nake so ki duba a kanki. Labari yana iya zama abin hutu, abin koyo, har abin rarrashi, amma in ya zama shi ke riƙe da ke a tsaye, an wuce gona da iri. Ke kuma kin kawo shaida da bakinki. Kukan bai tayar mini da hankali ba, asubar ce ta tayar.

Dainawa dungurungum kin gwada ba ta yiwu ba, kuma ban yi mamaki ba, don kin cire abu ba ki sa komai a gurbinsa ba. Iko za ki rage masa. Ƙarfe goma na dare ki kai wayar ɗakin Umma ki jona ta a caji a can, ki roƙi wani a gidan ya riƙa tashin ki. Kada ki tsaya a ƙarshen kashi, nan aka ɗana tarkon, ki tsaya a tsakiya inda jaruman ke cin abinci ko tafiya makaranta, za ki ga kashe wayar bai yi wuya ba. Ki yanke wa kanki kuɗin data na mako, in ya ƙare ranar Laraba sai wani makon. Daga yau kuma har ki warware maganar aurenki, kada ki fara sabon labari. Zauren WhatsApp ɗin ke kika san abin da ake turowa a ciki. Manga akwai mai tsabta, akwai na batsa tsagwaronta, in irin na biyun yana yawo a zauren ki fita ba sallama.

Rubutun da kike yi shi ya fi faranta mini rai a wasiƙarki, kin kuma ambace shi a gurguje. A Japan masoyan da ke rubuta nasu labaran a kan jaruman wasu har kasuwa gare su, Comiket, wadda aka fara a Disambar 1975 da mahalarta kusan 700, a Disambar 2019 kuma mutum 750,000 suka shige ta cikin kwana huɗu. Ƙwararru da dama da irin wannan rubutu suka faro. Mu ma tun shekarun 1980 matan Hausa ke rubuta littattafan soyayya, yanzu da yawansu sun koma WhatsApp da Wattpad. Kin yi koyon hannu da jaruman aro, ya isa. Ki ƙirƙiri naki, ki ajiye su a layinku, su yi Hausar da kike ji a tsakar gida. Ranar da kika zauna kina neman abin da jaruminki zai yi don mai karatu ta so shi, za ki ga zaren da aka ja ki da shi, kuma ba zai ƙara ɗaure ki kamar da ba.

Yanzu ga tambayar da ban ga kin yi wa kanki ba. Kukan kwana ukun nan, duka na jarumin ne? Yarinyar Kiyoto da na ba ki labari, littattafai sun fi kama ta ne a lokacin da ta yi rashi. Ke kuma an sa miki rana. Nan da 'yan watanni za ki bar ɗakin da kika girma a ciki, ki bar Umma, ki koma hannun mutumin da har yanzu hirarku ba ta wuce siminti ba. Budurwar da aka sa wa rana ba ta da inda za ta yi kukan wannan, kowa barka yake yi mata, ana ta zancen anko da kayan ɗaki. Sai ga mutuwa a cikin labari ta buɗe hanya, duk abin da ya taru ya fito. Ki zauna ke kaɗai bayan isha'i ki tambayi kanki wannan da gaske. In kuma kin ga baƙin cikin ya zarce mako biyu, barci ya ƙaurace, abubuwan da kike so sun daina burge ki, ko tunanin mutuwa yana zuwa miki, waɗannan alamun ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Ki je asibiti ki ga likita, kada ki tsaya jira.

Sai shi wanda za ki aura, kuma abin da zan fara faɗa ba zai yi miki daɗi ba. Kin ce abin da ya sa kika so jarumin shi ne ba ya furtawa, a aikace yake nunawa. Shirunsa kin iya karanta shi, kallo ɗaya zai yi ki fassara shi shafi uku. To ga mutum yana tashi daga wurin sana'arsa a gajiye, ya zo ƙofar gidanku ya zauna yana lissafa miki buhun siminti nawa ya rage, wane fenti za a shafa. Ɗakin wa za a shafa? Tayil ɗin nan ƙafar wa za ta taka? A wannan tsadar, saurayin da ke gyara wa mace wurin zama da guminsa tun kafin ta zo yana faɗin wani abu, kuma da irin yaren da kika ce kina so yake faɗa. A fim akwai kiɗa mai taushi da kyamarar da ke matsowa kusa da fuska, su ne ke ce miki ki lura, wannan so ne. Shi ba mai yi masa kiɗa. Adalcin da kika yi wa na zane, ki gwada yi wa na jini da tsoka ko da rabinsa ne. In ya zo wannan makon ki bar wayar a ɗaki, ki tambaye shi wane launi ya zaɓa, me ya sa, ki ce za ki so ke ki zaɓi na kicin. Ki kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa.

Duk da haka dariyar da ya yi bai kyauta ba, ko kaɗan. Kin buɗe masa abin da kika ɓoye wa mahaifiyarki, ya riƙe ciki. Ba sai ya so katun ba, amma mutum yana iya kasa fahimtar abu ya kuma girmama hawayen wanda ke gabansa. In mai kallon ƙwallo ne, ya ma san abin, don ya san yadda ake ƙin cin tuwon dare saboda an ci wata ƙungiya a Ingila wadda ba ta san da zamansa ba. Maganar "zan goge su kaf" ita ta fi tsaya mini. Tana iya zama kishi ne da ya rasa yadda zai fito, don ba namijin da zai ji daɗi a yi kukan kwana uku a kan wani, ko da na takarda ne. Tana kuma iya zama halinsa ke nan, abin da bai gane ba ya raina, abin da ya raina ya hana. Da magana za ki rarrabe.

Ki zaɓi ranar da ya zo cikin nishaɗi, bayan an gama gaisawa ya sha ruwa, ki ce masa cikin ladabi, ba fushi ba kuka: "Akwai maganar da ke raina. Ranar da na gaya maka abin da ya sa ni kuka ka yi dariya, na ji ciwo, don ban gaya wa kowa ba sai kai. Na san na wuce gona da iri a kallon nan, kuma na fara ragewa. Amma ina son karatu da rubutu, ina so mu yi magana a kai tun yanzu, kada ya zama abin da zan riƙa ɓoye maka a gidanka." Daga nan ki ja bakinki, ki bar shi ya yi magana.

Kada ki jira jawabin fim. In ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi ban san abin ya dame ki haka ba, ki yi haƙuri," ko ma ya kasa ba da haƙurin amma ya daina dariyar ya tambaye ki labarin na mene ne, wannan mutum ne da za a iya zama da shi. Sai ku yi yarjejeniya a fili, tun ran gini ran zane: ba kallo a lokacin salla, ba kallo in yana gida yana son hira, ba na batsa, shi kuma ba binciken waya ba gogewa. In kuwa ya sake tuntsirewa, ko ya ɗaure fuska ya ce shi ba a yi masa musu, to ki buɗe ido. Ki bincika yadda yake da ƙannensa mata, yadda yake magana da mahaifiyarsa, abin da yake yi in yaron da ke ƙarƙashinsa ya yi kuskure. Wannan binciken haƙƙinki ne, kuma a kan iyayenki yake su taya ki.

A nan ne labaran za su iya cutar da ke ta inda ba ki zata ba. Ɗaya daga cikin manga na 'yan mata da aka fi saye a tarihi, Hana Yori Dango, wanda ya fara fitowa a 1992 aka kuma mai da shi fim a Taiwan da Japan da Koriya, jaruminsa ɗan masu kuɗi ne mai girman kai da ya sa 'yan makaranta suka yi wa yarinyar taron dangi da cin zarafi, daga baya so ya narkar da shi. Wannan zubin ya cika labaran nan: namiji mai wulaƙanci, mace mai haƙuri, a ƙarshe ya zama na kirki. Marubuciya ce ta canza shi, don ita ke riƙe da alƙalamin. Kada ki shiga gidan wanda ke raina ki da lissafin cewa haƙurinki zai sauya shi kafin kashi na 12.

Kin tambaye ni ko ki fasa. Kada ki fasa aure don mutum bai kai jarumin labari ba, ba wanda zai kai. Kada kuma ki bari a ɗaura don kawai an riga an sa rana alhali ba ki yi wannan maganar da shi ba. Ki ba kanki wata guda, wayar tana kwana a ɗakin Umma, kina fita zance da hankalinki gaba ɗaya, kina istihara. In kin ga kin fara jiran sallamarsa, ko wata magana tasa ta faɗo miki a rai kin yi murmushi, to labaran ne suka toshe miki kunne. In kuwa wayar ba ta hannunki amma har yanzu jin muryarsa a ƙofar gida nauyi yake saukar miki a ƙirji, to ba ruwan Japan a ciki, ba ki son sa ne, kuma dole iyayenki su ji wannan tun kafin a kawo lefe a buga kati.

Umma kuma ki daina barin ta cikin zullumi. Ki same ta ita kaɗai, lokacin da Gwaggo ba ta nan, ki gaya mata gaskiya, cewa labari ne ya sa ki kuka, kuma kina jin tsoron barin gida. Wataƙila ta yi miki faɗa a kan wayar, ki karɓa, tana da gaskiya a kan asuba. Amma matan zamaninta da yawa sun zubar da hawaye a gaban finafinan Indiya, kuma ita ma an taɓa sa mata rana. In ta kai ga a ɗaga bikin ko a sake duba maganar, ta bakinta zai fi sauƙin isa kunnen Abbanku.

Allah ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ya sa albarka a ciki. Ki rubuto mini abin da ya ce.